Me ya sa tsofaffin likitocin Sin suka ce hanta a hagu take?

Duk wanda ya taɓa ganin an feɗe ragon layya ya san hanta a ɓangaren dama take, haka ma a jikin mutum, tana ƙarƙashin haƙarƙarin dama. To amma babban littafin likitancin gargajiya na ƙasar Sin, Huangdi Neijing, wanda aka tattara wajen ƙarni na 2 zuwa na 1 kafin Miladiyya, ya ce hanta daga hagu take tasowa, huhu kuma a dama yake. Mutane da yawa in sun ji wannan sai su ce ai shi kenan magana ta ƙare, mutanen nan ba su san komai ba. Ni kuwa a ganina wannan jimlar ita ce ƙofar shiga gidan gaba ɗaya, in ka gane ta ka gane zanen bangon wuraren bautarsu, ka gane sunayen magungunansu, har tsarin fadar sarkinsu.

Mu a nan in mutum ya tsaya sallah ya fuskanci gabas, ya san arewa tana hagunsa kudu tana damansa, ba sai an gaya masa ba. Su Sinawa kudu suke fuskanta. Sarki in zai zauna kudu yake kallo, gida mai kyau ƙofarsa kudu take kallo saboda ta nan rana ke shigowa lokacin sanyi, baya kuma ya tare iskar arewa, kai har taswirorin da aka tono a kabarin Mawangdui na shekarar 168 kafin Miladiyya kudu ce a sama. To in ka fuskanci kudu, gabas ta dawo hagunka, yamma damanka, arewa bayanka. Ita kuma hanta a lissafinsu ta gabas ce. Ka ga kenan da suka ce hagu, gabas suke nufi, wato ɓangaren da rana ke fitowa, ɓangaren abin da ke tasowa sama. Taswirar duniya suka ɗauko suka shimfiɗa a jikin mutum.

Ita wannan taswira daga sama ta faro, kuma ta girmi addinin Dao, ɗaya daga cikin addinan gargajiya na Sin, nesa ba kusa ba. Sinawa sun raba hanyar da wata ke bi a sararin sama zuwa masaukai 28, malamanmu masu lissafin taurarin damina sun san irin wannan adadi daga littattafan Larabawa, sai dai su Sinawa sun kasa su huɗu, bakwai-bakwai, kowane kaso suka ga siffar wata dabba a cikinsa. Na gabas shi ne diragon mai launin shuɗi-kore, wani ƙaton maciji na almara mai ƙafafu da ƙaho wanda suke dangantawa da ruwan sama. Na kudu jan tsuntsu. Na yamma farar damisa, irin ta Asiya mai ratsi-ratsi. Na arewa baƙin kunkuru da maciji ya nannaɗe shi. A 1987 an tono wani kabari a Xishuipo da ke lardin Henan wanda ya kai shekara dubu shida, an jera kwanson wasu halittun ruwa a gefen gawar, gabas da ita siffar da masana suka ce diragon ce, yamma da ita damisa. A 1978 kuma a kabarin wani basarake mai suna Yi na ƙasar Zeng, wanda ya mutu wajen 433 kafin Miladiyya, an samu murfin akwati da aka rubuta sunayen masaukan nan 28 a kai, diragon a gefe ɗaya damisa a ɗaya gefen. Kuma abin ba ado ba ne kawai, kalandar manomi ce, in tauraron da suke kira ƙahon diragon ya fara leƙowa ta gabas da magariba to sanyi ya wuce, ruwa ya kusa, a gyara gona.

Daga nan ne aka fara ɗaure komai da komai a jikin kusurwoyin. Babi na 5 na kashin farko na littafin nan Huangdi Neijing ya jero abin kamar sarƙa. Gabas tana haifar da iska, iska ta haifi itace, itace ya haifi tsami, tsami ya haifi hanta, hanta ta haifi jijiyoyi, launinta kore, halinta fushi, lokacinta lokacin tsiro ne bayan sanyi. Kudu zafi ce da wuta da ɗaci da zuciya da jini da ja da farin ciki. Yamma bushewa ce da ƙarfe da yaji da huhu da fata da fari da baƙin ciki, lokacin kaka. Arewa sanyi ce da ruwa da gishiri da ƙoda da ƙashi da ɓargo da baƙi da tsoro, hunturu kenan. Sai ta biyar wadda ba kusurwa ba ce, tsakiya ce, wurin da mai kallon yake tsaye, ita ce ƙasa, launin rawaya kamar ƙasar da ke kwarin Rawayan Kogi, danshi, zaƙi, saifa, tsoka, yawan tunani. Da yake lokutan shekara huɗu ne abubuwan kuma biyar, sai da suka yanko ƙarshen lokacin zafi suka ba tsakiya don lissafi ya cika, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa mutane ne suka zauna suka tsara abin.

Abubuwan nan biyar suna haifar juna kuma suna danne juna. Itace ya ciyar da wuta, wuta ta bar toka ta zama ƙasa, a ƙasa ake haƙo ƙarfe, ƙarfe ya tara ruwa, ruwa ya raya itace. Ta ɗaya hanyar kuma itace na fasa ƙasa, ƙasa na tare ruwa, ruwa na kashe wuta, wuta na narka ƙarfe, ƙarfe na sare itace. Da wannan likita ke aiki. Mutum ya zo ya ce tunda ya yi wata rigima cikinsa ke kumbura ba ya iya cin abinci, likita zai ce itace ya hau kan ƙasa, wato fushi ya harzuƙa hanta ita kuma ta danne saifa, sai ya ba shi abin da zai kwantar da ɗaya ya ƙarfafa ɗayar. Fuskar mara lafiya ma taswira ce, babi na 32 ya ce in zazzaɓin hanta ne kuncin hagu ke fara ja, na huhu kuncin dama, na zuciya goshi, na ƙoda haɓa, na saifa hanci. Duba da kyau, goshi kudu a sama, haɓa arewa a ƙasa, hanci a tsakiya. Ita ce dai taswirar Mawangdui aka manna a fuska.

Babin da ya fi burge ni shi ne na 12, domin a nan za ka ga idon likita na gaske yana kallon mutane da abincinsu. Ya ce mutanen gabas suna bakin teku, kifi da gishiri suke ci, maruru ke damunsu, shi ya sa yankan ƙurji da kaifin dutse daga gabas ya zo. Mutanen yamma suna ƙasar duwatsu da yashi da iska, suna cin maiƙo, ciwonsu daga ciki yake tasowa, magani mai ƙarfi na sha daga yamma ya zo. Na arewa makiyaya ne a tudu mai sanyi suna rayuwa da nono, sanyi ke shiga cikinsu, ƙona busasshen ganye a kan fata daga arewa ya zo. Na kudu suna kwari mai hazo da raɓa suna son tsami da abin da aka tsima, jijiyoyinsu ke ɗaurewa, tsira siraran allurai daga kudu ya zo. Na tsakiya kuwa abinci ya wadata aiki ya yi kaɗan, jiki ya saki, sai motsa jiki da tausa. A wancan kabarin na Mawangdui ma an samu zane a kan siliki na mutum 44 kowa yana wani irin motsa jiki.

To ina addinin Dao ya shigo? Shi ne ya ɗauki wannan lissafin ya ba shi fuska da tufafi, ya mayar da shi abin da ido ke gani. Mu ba aƙidarmu ba ce, bautar waɗannan siffofi ba abin da Musulmi zai kusanta ba ne, amma in kana son sanin abin da ke cikin kan mutanen da suka rubuta littattafan maganin dole ka kalli abin da suka zana.

A lardin Shanxi akwai wurin bauta mai suna Yongle Gong, an gama zanen bangon babban ɗakinsa a 1325 zamanin da Mongol ke mulkin Sin. Siffofi kusan 290 ne, da yawansu sun fi tsayin mutum, suna jere kamar fadawa sun zo gaisuwa, kuma masu jan ayarin su ne diragon da damisa amma an zana su a siffar jarumai riƙe da makamai, na diragon a ɓangaren gabas na damisa a yamma. Mai shiga ɗakin yana shiga cikin taswirar ne da ƙafarsa. Da za a gina madatsar ruwa ta Sanmenxia, daga 1959 aka fara yanka bangon gunduwa-gunduwa aka kwashe ginin ɗungurungum aka sake haɗa shi a Ruicheng, a nan yake har yau.

Kunkurun arewa shi ya fi kowa samun ɗaukaka. Sunansa na asali Xuanwu, amma a 1012 sarkin daular Song ya ayyana wani kakan gidansu da sunansa ke ɗauke da harafi iri ɗaya, kuma a al'adarsu ba a rubuta sunan kakan sarki, sai aka koma kiransa Zhenwu. A zane za ka gan shi jarumi da sakakken gashi, ba takalmi, da takobi, kunkuru da maciji a ƙarƙashin ƙafarsa. Sarki Yongle na daular Ming, wanda ya taso da yaƙi daga arewa ya ƙwace mulki, ya ce wannan ne ya taimake shi, daga 1412 ya sa aka yi gagarumin gini a duwatsun Wudang, har da ɗakin tagulla da aka shafe da zinare a ƙololuwar dutsen a 1416. A fadar Beijing da aka gama a 1420 ma ɗakin Zhenwu yana can ƙarshen arewa, tunda shi ne mai ruwa ana fatan ya tsare fadar katako daga gobara, kuma da wannan tunanin ne aka yi wa ɗakin ajiye littattafan sarki rufi baƙi alhali yawancin fadar rawaya ce. Kusa da fadar akwai dandamalin da aka zuba ƙasa kala biyar, kore gabas, ja kudu, fari yamma, baƙi arewa, rawaya tsakiya.

Amma inda zane da magani suka haɗu sosai shi ne a cikin jiki. Mabiya Dao suna zama su rufe ido su hango kayan cikinsu ɗaya bayan ɗaya, kowanne da launinsa da abin da ke zaune a ciki, suna ganin in waɗannan suka gudu ciwo ke shigowa. A 848 wata mata mai suna Hu Yin, malamar Dao ce kuma likita da ta zauna a dutsen Taibai, ta rubuta littafi mai zane a kan haka. Ta zana huhu da farar damisa, zuciya da jan tsuntsu, hanta da diragon, saifa da wani tsuntsun almara, kuma ga kowanne ta kawo alamomin ciwonsa, maganinsa, abincin da za a ci da wanda za a bari a wane wata, irin numfashin da za a yi da motsa jikin da ya dace. Abin lura, ƙoda ba ta ba ta kunkuru ba, barewa mai kai biyu ta ba ta, kunkuru da macijin ta kai su matsarmama. Wato ko a cikin gida ba kowa ya bi layi ɗaya ba.

Zanen cikin jiki da ya fi shahara shi ne Neijing tu, an sassaƙa shi a 1886 kuma yana wurin bautar Baiyun Guan a Beijing. In ka fara kallonsa za ka ɗauka zanen ƙauye ne da tsaunuka, sai daga baya ka lura mutum ne a zaune ana kallonsa ta gefe, ba hannu ba ƙafa. Can ƙasa wajen ƙugu ruwa ne, yankin ƙoda, yaro da yarinya suna taka keken ɗebo ruwa suna tura shi sama ta cikin ƙashin baya wanda aka zana kamar kogi mai gudu baibai yana ratsa ƙofofi uku. A mara manomi ne yana huɗa da sa na ƙarfe, sama kaɗan mace tana kaɗi, a wajen zuciya yaro makiyayi riƙe da taurarin nan bakwai na arewa masu siffar ludayi, maƙogwaro hasumiya ce mai hawa 12, kai kuma tsaunuka tara ne da wani tsoho a zaune. Saƙon shi ne ruwa ɗabi'arsa gangara, wuta ɗabi'arta tashi, in aka bar su haka za su rabu mutum ya tsufa ya ƙare, aikin mai neman lafiya shi ne ya ɗaga ruwan arewa sama ya sauko da wutar kudu ƙasa su haɗu. Har gobe likitan gargajiya a Sin in ka ce masa ba ka barci, zuciya na bugawa, ƙugu na ciwo, zai iya ce maka zuciya da ƙoda ba sa saduwa, wannan zanen ne yake faɗa da baki.

Dabbobin nan har cikin tukunyar magani suka shiga. Zhang Zhongjing, likitan da ya rayu wajen ƙarshen ƙarni na 2 zuwa farkon na 3, a littafinsa na zazzaɓi akwai haɗin da ake kira na diragon, babba da ƙarami, jigonsa wani tsiro ne mahuang mai sa gumi da buɗe ƙirji, kamar yadda diragon ke kawo ruwa. Akwai na farar damisa, dutsen jifsam fari irin wanda ake silin da shi da wasu saiwoyi da shinkafa, ana ba mai zazzaɓi mai zafi da ƙishirwa, wai kamar iskar kaka ce ke karya zafi. Akwai na Zhenwu ga mai kumburi da fitsari ba ya fita sosai, tunda shi ne mai iko da ruwa, a ciki akwai ɗanyar citta da wata saiwa mai suna fuzi. Ɗalibi in ya ji sunan kaɗai ya san kusurwa, ya san lokaci, ya san aikin maganin, kuma a zamanin da ilimi a ka ake riƙe shi wannan ba ƙaramar dabara ba ce.

A nan ne nake ganin ya kamata mu tsaya mu yi adalci ta ɓangare biyu. Tsarin yana da kyau, ya taimaka wa likitoci su tsara abin da suka gani tsawon ƙarnoni, ya sa suna tambayar me ka ci, wane lokaci ne, me ke damun ranka. Amma ba hoton abin da ke cikin ciki ba ne. Tsofaffin littattafan hadaya na Sin ɗin ma wani jeri daban suka yi, saifa suka ba gabas, huhu kudu, zuciya tsakiya, hanta yamma, ƙoda ce kaɗai ta zauna a inda take, na likitoci ne dai ya yi rinjaye daga baya. Wani likita Wang Qingren da ya ga gawarwakin yaran da annoba ta kashe a 1797 ya yi ta dubawa da idonsa, a 1830 ya fitar da littafi yana gyara zanen magabata, duk da shi ma ya yi nasa kurakuran. A 1929 har an kawo ƙudurin soke likitancin gargajiya gaba ɗaya, sai da masu sana'ar suka taru a Shanghai ranar 17 ga Maris suka tayar da jijiyar wuya aka janye.

Kuma taswirar ta arewacin Sin ce, da yanayinta aka ɗinka ta. A wurinmu busasshiyar iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, mai danshin da ke kawo damina daga kudu maso yamma, alhali su yamma suka ba bushewa. Zafinmu mafi tsanani kafin ruwa yake zuwa, nasu tare da ruwan yake. Wanda ke Afirka ta Kudu kuwa arewa ce ɓangaren rana a wurinsa. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji mai tallan maganin Caina yana karanto wa mutanenmu cewa baƙin abinci na gyara ƙoda ja na gyara zuciya kamar wani binciken asibiti ne, mai ciwon ƙoda na gaske ya bar zuwa asibiti yana ta neman baƙin wake.

Magungunan kansu kuwa wasu na da ƙarfi na gaske, kuma ƙarfin ba daga kusurwa yake zuwa ba. Ge Hong, malamin Dao na ƙarni na 4, ya rubuta cewa mai zazzaɓin da ke zuwa yana tafiya ya jiƙa cikin hannu ɗaya na ganyen qinghao, dangin tazargade, a ruwa ya matse ya sha. Tu Youyou da ke cikin aikin neman maganin maleriya da gwamnatin Sin ta fara a 1967 ta lura bai ce a dafa ba, ta gane zafi ke lalata sinadarin, a 1971 ta fitar da shi ba tare da zafi mai yawa ba, aka gwada a ɓeraye da birai da mutane, ita kanta ta sha. Daga nan aka samu atimisinin da ke cikin maganin maleriyar da ake ba yaranmu yau, ta karɓi kyautar Nobel a 2015. Shi ma mahuang na haɗin diragon daga shi aka fitar da sinadarin efedirin a Japan a 1885, yana buɗe ƙirji da gaske kuma yana tayar da hawan jini da gaske, har Amurka ta hana sayar da shi a kayan rage ƙiba da ƙarin kuzari a 2004 bayan an samu mace-mace. Ita kuwa fuzi ta haɗin Zhenwu guba ce mai rikita bugun zuciya, sai an sarrafa ta an kuma daɗe ana tafasawa kafin a ba mutum, kuma har yanzu asibitoci a Sin da Hong Kong na karɓar waɗanda suka sha wadda ba ta dahu ba ko suka wuce ƙima.